Hawan Tayirod ga Mai Juna Biyu: Haɗurransa da Yadda Laulayi Ke Rufe Shi

Tsakure

Bahaushe ya daɗe da sanin maƙoƙo, domin ciwo ne da ido ke gani a wuya. Abin da bai laƙaba wa suna ba shi ne yanayin da halittar da ke kumburar take aiki fiye da kima, ko da wuyan bai kumbura ba. Wannan maƙala ta yi nazarin wannan yanayi ga mace mai juna biyu. An bayyana aikin halittar tayirod, da sauye-sauyen da ciki ke kawo mata, da haɗurran da uwa da ɗanta ke shiga idan ba a gano ciwon da wuri ba, da ƙa'idojin maganinsa. An kuma auna waɗannan bayanai na likitanci da kalmomi da al'adun Hausawa na ciki da jego. Maƙalar ta nuna cewa kalmar “laulayi” tana haɗiye mafi yawan alamomin ciwon, sannan ta ba da shawarar a kira shi “hawan tayirod” bisa ƙiyasin “hawan jini”.

Fitilun Kalmomi: tayirod, maƙoƙo, laulayi, juna biyu, jego

1.0 Gabatarwa

Ciwon da ke da suna a bakin mutane ya fi saurin kai mai shi asibiti. Mace mai ciki da aka ce mata tana da hawan jini ko ciwon suga ta san abin da ake nufi, mijinta da surukarta ma sun sani. Idan kuwa likita ya ce tayirod ɗinta na aiki fiye da kima, sau da yawa tafinta kan taƙaita zancen da cewa “maƙoƙo ne”. Matar ta shafa wuyanta ta ji babu wani kumburi na a-zo-a-gani, sai ta ɗauka likita ya yi kuskure, ta ajiye magani. Ke nan giɓin da ke cikin harshe yana iya zama giɓi a jinya. Manufar wannan maƙala ita ce ta shimfiɗa bayanin ciwon cikin Hausa yadda manazarta harshe da al'ada, da masu fassara saƙonnin lafiya, za su samu tushen da za su ɗora aikinsu a kai.

2.0 Halittar Tayirod da Aikinta

Tayirod wata 'yar tsoka ce da ke gaban wuya, a ƙasan zakaran wuya, ta rungume maƙogwaro ta dama da hagu kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fikafikansa. Nauyinta ga baligi bai cika wuce giram 25 ba. Aikinta shi ne ta tsotsi sinadarin aidin daga jini, ta sarrafa shi ya zama homon iri biyu da likitoci ke kira T4 da T3. Waɗannan su ke ƙayyade saurin da jiki ke ƙona abinci, da ɗumin jiki, da bugun zuciya, da motsin hanji, da girman ƙwaƙwalwar yaro.

Tayirod ba ta aiki da ra'ayin kanta. Wata halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari, ita ke aiko mata da umarni ta hanyar homon ɗin TSH. Idan T4 ya yi ƙaranci a jini, TSH yakan ƙaru don ya zaburar da ita. Idan T4 ya yi yawa, TSH yakan sauka. Shi ya sa sakamakon gwajin mai wannan ciwo kan nuna T4 ko T3 a sama, TSH kuwa a ƙasa ƙwarai.

2.1 Maƙoƙo da Batun Suna

Kalmar “maƙoƙo” siffa take bayyanawa, wato kumburin tayirod. Ba ta faɗin komai game da aikinta. Ana samun mai maƙoƙo da tayirod ɗinta ke aiki daidai, da wadda aikin ya yi ƙasa, da wadda ya yi sama. Haka kuma ana samun wadda aikin ya yi sama alhali kumburin ƙarami ne, sai likita ya lalubo shi da hannu. Babban abin da ya yawaita maƙoƙo a ƙasashen da ke nesa da teku shi ne ƙarancin aidin a abinci, kuma wannan ne ya sa Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri tun 1993. Bincike a yankin Darfur na ƙasar Sudan ya kuma danganta maƙoƙo da dogaro ga gero a inda aidin ya yi ƙaranci, kamar yadda aka danganta shi da rogon da ba a jiƙa sosai ba a wasu sassan Afirka.

Tunda Hausa ta riga ta karɓi “hawan jini” a matsayin sunan ciwon da ido ba ya gani, sai awo ya nuna shi, wannan maƙala ta zaɓi “hawan tayirod” ga yawan aikin halittar, da “saukar tayirod” ga ƙarancinsa. Fa'idar wannan ƙiyasi ita ce yana ɗauke da darasi biyu da mutane suka riga suka koya game da hawan jini: ana gano shi ta awo, kuma ana shan maganinsa na tsawon lokaci ko da mutum ya ji sauƙi.

3.0 Abin da Ciki Ke Yi wa Tayirod

Da zarar ciki ya shiga, nauyin da ke kan tayirod yakan ƙaru da kusan rabi. A watannin farko ɗan tayi ba shi da tayirod mai aiki, don haka da homon ɗin uwa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Tasa halittar takan fara aiki wajen mako na 12, amma ba ta kankama sai wajen mako na 18 zuwa 20. Saboda wannan ƙarin nauyi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa mai ciki maikirogiram 250 na aidin a kullum, maimakon 150 na sauran manya.

Bugu da ƙari, homon ɗin hCG, wanda mabiyiya ke samarwa kuma shi ne gwajin fitsari ke nema don tabbatar da ciki, yana kama da TSH a ƙira. Yakan kai ƙololuwa wajen mako na 10 zuwa 12, ya zaburar da tayirod kaɗan. Ke nan ɗan hawan da ake gani a farkon ciki ba kullum ne ciwo ba, kuma wannan ne ya sa bambance musabbabai ya zama wajibi.

3.1 Musabbaban Hawan Tayirod ga Mai Ciki

Na farko shi ne hawan wucin gadi da hCG ke haddasawa. Yana samun mata 1 zuwa 3 cikin 100 na masu ciki, musamman masu amai mai tsanani da masu cikin tagwaye. Yakan sauka da kansa kafin tsakiyar ciki. Abin da mai shi ke buƙata shi ne a tsayar da aman, a mayar mata da ruwan da ta rasa. Ba a ba ta maganin rage aikin tayirod.

Na biyu shi ne cutar Graves, wadda aka laƙaba wa sunan Robert Graves, likitan birnin Dublin da ya bayyana ta a 1835. A Jamus da wasu ƙasashen Turai da sunan Karl von Basedow ake kiran ta, wanda ya yi nasa bayanin a 1840. A wannan cuta garkuwar jiki ce ke yin kuskure, ta ƙera wasu sojoji da ake kira TRAb, su riƙa kwaikwayon TSH suna tunzura tayirod ba dare ba rana. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba, kuma a shekarun haihuwa. Ana samun ta ga kimanin mata 2 cikin 1,000 na masu ciki. Ita ce mafi haɗari, kuma a kanta mafi yawan bayanin da ke tafe ya ginu.

Na uku shi ne daɗaɗɗen maƙoƙo mai gudaji, wanda wani gudan cikinsa ya ɓalle daga umarnin fituwitari ya shiga aiki shi kaɗai. Irin wannan maƙoƙo kan iya tashi idan ya samu aidin mai yawa bagatatan bayan dogon rashi, kamar yadda aka gani a ƙasar Zimbabuwe a tsakiyar shekarun 1990 bayan da aka fara sanya aidin a gishiri.

4.0 Alamomi da Yadda Laulayi Ke Rufe Su

Laulayi a Hausa babbar rumfa ce. A ƙarƙashinta ake tara amai, da tashin zuciya, da kasala, da kwaɗayi, da saurin fushi, da jin zafi, da duk wani sauyi da mai ƙaramin ciki ta ji. Kalmar tana ɗauke da hukunci a cikinta, wato abu ne da kowace mace ke yi, haƙuri ne maganinsa. Matsalar ita ce alamomin hawan tayirod kusan duka suna iya shigewa wannan rumfa. Mai ciwon tana yawan gumi, ba ta jure zafi, gabanta na faɗuwa, barci na gagarar ta, ranta na saurin ɓaci, tana gajiya. A watannin bazara kuwa, gumi da jin zafi ba abin da zai ja hankalin kowa ba ne.

Duk da haka akwai alamomin da suka fita daga iyakar laulayi:

a. Rama ko rashin ƙaruwar nauyi alhali mace tana cin abinci sosai.

b. Bugun zuciya da ya haura 100 a minti ɗaya tana zaune ba ta aikin komai, kuma ba ya sauka ko tana barci.

c. Rawar yatsu idan ta miƙa hannuwa.

d. Firfitowar idanu, ko kumburin fatarsu, ko ganin abu biyu-biyu. Wannan alama ta cutar Graves ce.

e. Kumburin gaban wuya, komai ƙanƙantarsa.

f. Raunin cinyoyi, har tashi daga tsugune ya zame mata aiki.

g. Yawan zuwa bayan gida ba tare da ciwon ciki ba.

Wasu daga cikin waɗannan suna da wata fassarar a al'ada. Faɗuwar gaba da firgita da makyarkyata da sauyin kallo, abubuwa ne da akan jingina wa iskoki ko sammu ko kambun baka. Rama kuma akan ce maye ne ya kama kurwa. Idan aka bi wannan fassara, watannin da ya kamata a yi gwajin jini a cikinsu sukan ƙare wajen turare da rubutu.

5.0 Haɗurran Ciwon

5.1 Ga Uwa

Ciki shi kansa nauyi ne a kan zuciya, domin yawan jinin mace yakan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Idan hawan tayirod ya zo ya ƙara mata gudu, zuciyar tana iya rikicewa a bugu, ko ta gaza gaba ɗaya, ruwa ya taru a huhu, numfashi ya gagara. Ciwon da ba a magance ba yana ƙara yiwuwar ɓari, da hawan jinin masu ciki wanda ke kaiwa ga jijjiga, da naƙuda kafin lokaci, da ɓallewar mabiyiya tun ɗan bai fito ba.

Mafi muni shi ne abin da za a iya kira guguwar tayirod. Yanayi ne da zazzaɓi mai zafi, da gudun zuciya, da amai da gudawa, da ruɗewar hankali ke haɗuwa lokaci guda, har ya kai ga suma. Naƙuda, ko tiyata, ko kamuwa da wata cuta, ko daina shan magani farat ɗaya, su ke tayar da ita. Tana kisa idan ba a yi gaggawa ba. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare, abu ne mai sauƙi a ɗauke ta a matsayinsa, musamman idan ba wanda ya gaya wa ma'aikacin lafiya cewa matar tana da tarihin tayirod.

5.2 Ga Ɗan Tayi da Jariri

Ɗan da ke cikin uwar da ciwonta bai lafa ba yana iya ƙin girma, a haife shi ƙarami, ko bakwaini, ko ya mutu a ciki. Ban da wannan, sojojin TRAb suna ratsa mabiyiya. Da zarar tayirod ɗin ɗan ta kankama daga tsakiyar ciki, sai su tunzura ta kamar yadda suke yi wa ta uwarsa. Alamar hakan ita ce bugun zuciyarsa ya zarce 160 a minti ɗaya ya tsaya a haka, ko hoton ciki ya nuna maƙoƙo a wuyansa, ko ruwa ya taru a jikinsa. Wani lokaci ƙasusuwan kansa kan haɗe tun lokaci bai yi ba. Jarirai 1 zuwa 5 cikin 100 na iyaye masu cutar Graves ake haifa da hawan tayirod.

Wani abin lura shi ne matar da aka yi wa tiyata aka cire tayirod, ko aka ƙone ta da aidin mai tururin nukiliya shekaru da suka wuce, tana iya ɗaukar cewa ta rabu da ciwon. Halittar ta tafi, amma sojojin suna iya kasancewa a jininta, kuma za su iya isa ga ɗanta. Don haka ake auna TRAb a farkon ciki, idan ya yi yawa a sake a mako na 18 zuwa 22, sannan a mako na 30 zuwa 34.

6.0 Ƙa'idojin Magani

Magungunan rage aikin tayirod iri biyu ne: kabimazol, wanda jiki ke juyawa zuwa metimazol, da kuma furofiltayoyurasil, wanda aka fi sani da PTU. Dukansu suna ratsa mabiyiya, kuma kowanne da aibinsa. Kabimazol, wanda shi ya fi samuwa a asibitoci da shagunan magani na Nijeriya, yana iya jawo tawaya a halittar ɗan tayi idan aka sha shi tsakanin mako na 6 da na 10, kamar rashin fata a wani ɓangare na kai, ko toshewar ƙofar hanci ta ciki, ko toshewar hanyar abinci. PTU kuwa yana iya lalata hantar uwa, abin da ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ɗora masa gargaɗi mai ƙarfi a 2010. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Likitocin Tayirod ta Amurka ta fitar a 2017 sun zaɓi PTU har zuwa mako na 16, kasancewar tawayar da ake dangantawa da shi ba ta kai ta kabimazol tsanani ba. Bayan nan likita na iya mayar da mace kan kabimazol.

Ana ba da mafi ƙarancin ƙwayar da za ta riƙe T4 na uwa a saman ma'aunin lafiya, domin idan maganin ya yi yawa tayirod ɗin ɗan ce za ta sauka, ya yi maƙoƙo tun a ciki. Saboda haka ake maimaita gwaji kowane mako 2 zuwa 4 da farko, daga baya kowane mako 4 zuwa 6. Ana iya ƙara furofaranolol na ɗan lokaci don rage gudun zuciya da rawar hannu. Aidin mai tururin nukiliya haramun ne ga mai ciki da mai shayarwa, kuma wadda aka yi wa shi sai ta jira wata 6 kafin ta ɗauki ciki. Idan tiyata ta zama dole, watanni uku na tsakiya aka fi zaɓa. Mai shan ɗayan magungunan biyu da ta ji zazzaɓi tare da ciwon maƙogwaro, ko ta ga idonta ya yi ɗorawa irin na shawara, wajibi ne ta je asibiti a ranar, domin alama ce ta faɗuwar fararen ƙwayoyin jini ko taɓuwar hanta.

A nan al'ada ta ci karo da lissafin likita. Mako na 6 zuwa na 10 ya faɗo ne tsakanin wata na biyu da na uku, lokacin da mace, musamman mai cikin fari, take ɓoye cikinta saboda kunya ko tsoron baki. Da yawa ba sa fara awo sai ciki ya fito, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ita ce a fara cikin makonni 12 na farko, a kuma je sau takwas. Matar da ke shan kabimazol tun kafin ciki, idan ta jira har wata na biyar, lokacin da sauya magani zai yi amfani ya riga ya wuce.

7.0 Jego

Cutar Graves takan lafa a watanni uku na ƙarshe, domin ciki yana sassauta garkuwar jiki. Wasu matan har akan dakatar musu da magani. Bayan haihuwa garkuwar takan farfaɗo, ciwon ya dawo, wani lokaci da ƙarfin da ya fi na da. Akwai kuma kumburin tayirod na bayan haihuwa, wanda ke samun kimanin mata 5 cikin 100 a shekarar farko, ya fara da hawa, ya koma sauka.

Wannan lokaci ya zo daidai da wankan jego, da gashi, da kunun kanwa na kwana arba'in. Tun a shekarun 1970 likitoci Neil Davidson da Eldryd Parry suka danganta yawan gazawar zuciya ga masu jego a Zariya da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta da gishirin da ke cikin kanwa. Zuciyar da hawan tayirod ya riga ya wahalar ta fi kowace rauni a gaban wannan nauyi. Mai wannan ciwo ta cancanci a sassauta mata zafin ruwa, a kuma janye mata kanwa.

Shi ma jariri yana buƙatar sa ido. Maganin da ya samu daga uwa yakan bar jininsa cikin 'yan kwanaki, sojojin TRAb kuwa sukan yi makonni. Don haka yana iya fitowa lafiya, sai wajen ranar suna ko bayanta kaɗan ya fara yawan kuka, da rashin barci, da gumi, da tsotso ba ƙiba. A hidimar suna ba kowa zai lura ba. Likitoci kan so a auna shi a kwana na 3 zuwa 5, a sake a kwana na 10 zuwa 14. Ciwon yakan wuce cikin wata ɗaya zuwa uku idan an kula. Shayarwa kuwa ba ta hanu ba, muddin ƙwayar ba ta wuce miligiram 20 na metimazol ko 450 na PTU a kullum ba, kuma an fi so uwa ta sha bayan ta gama ba da mama.

8.0 Shawarwari

i. Masu fassara da masu shirye-shiryen lafiya a rediyo su raba “maƙoƙo” da “hawan tayirod”, kada a fassara ɗaya da ɗaya.

ii. A gina saƙo a kan iyakar laulayi, wato a ambaci rama duk da ci, da gudun zuciya, da rawar hannu, da firfitowar ido, a matsayin abubuwan da suka fita daga cikinsa.

iii. A sanya ungozomomi da iyaye mata da ke karɓar goyon ciki cikin masu sauraron saƙon, domin su ke fara gani, su ke yanke shawarar inda za a nufa.

iv. Matar da ta san tana da ciwon ta ga likita tare da mijinta kafin ɗaukar ciki, kuma ta koma da zarar ta yi ɓatan wata, ba tare da ta daina magani da kanta ba.

v. Manazarta su tattara kalmomin da karuruwan Hausa ke amfani da su ga waɗannan alamomi, daga Sakkwato zuwa Damagaram, domin a daidaita ƙamus na kiwon lafiya.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa hawan tayirod ga mai juna biyu ciwo ne da ke barazana ga rai biyu, kuma mai magani idan an gano shi a kan kari. An ga cewa haɗarinsa ya ta'allaƙa da lokuta uku: makonnin farko da ake zaɓen magani, da tsakiyar ciki da sojojin garkuwa ke isa ga tayirod ɗin ɗa, da kwanakin jego da ciwon ke dawowa. A kowane ɗaya daga cikinsu akwai kalma ko al'adar da ke iya jinkirta zuwa asibiti, wato kunya, da laulayi, da hidimar jego. Aikin likita shi ne gwaji da magani. Aikin masanin Hausa kuwa shi ne ya samar da sunan da mace za ta iya faɗa wa surukarta, ita kuma ta fahimci cewa wannan ya wuce laulayi.